Ladan Mai Dara: Lacca Kan 18,446,744,073,709,551,615

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban zama, malamaina da ke kujerun gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. Na lura tun da aka ce laccar yau ta lissafi ce wasu suka zaɓi kujerun bakin ƙofa. Ba laifi. Wanda ya ji kansa ya ɗau zafi ya fita ya sha iska ya dawo, lambar tana nan kan allo, babu inda za ta.

Ga ta: 18,446,744,073,709,551,615.

Alƙaluma ashirin ne. In za a karanta ta sai a ce kwintiliyan 18, da kwadiriliyan 446, da tiriliyan 744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615. Na san sunaye biyun farko ko a kasafin kuɗin gwamnati ba ku taɓa jin su ba. Kakanninmu masu ciniki da wuri suna da zangu, suna da zambar, suna da keso mai cin wuri dubu ashirin, in abu ya fi ƙarfin haka sai a ce malala gashin tinkiya, a rufe zance. To yau gashin tinkiyar nan nake so mu zauna mu tsefe. In baƙo ya sauka a gari, ba tsawonsa ake fara tambaya ba, cewa ake ɗan gidan wa ne. Haka za mu yi wa lambar nan.

Kowa ya ciro wayarsa, yau an halatta. Ku buɗe kalkuleta, ku jera biyu sau sittin da huɗu kuna ninkawa, wato 2 sau 2 sau 2 har ƙarshe. Wannan shi zan riƙa kira biyu mai hawa 64. Akwai maɓallin da ke yin sa a bugu ɗaya. Me kuka gani? Mafi yawanku wayar ta nuna 1.8446744 da wani harafi da 19 a gefe. Yanzu ku ɗebe 1. Ya canza? Bai canza ba. Wayar ta riƙe kan lambar ta yar da wutsiyar, alhali rabin abin da za mu faɗa yau a wutsiyar yake.

Mu fara da inda ta fito. Alƙali Ibn Khallikan, ɗan garin Irbil wanda ya rasu a 1282, ya kawo labarin wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, da aka ce shi ya ƙago shaɗaranji, darar nan mai gida 64, takwas sau takwas. Sarki ya ji daɗin wasan ya ce masa, roƙi abin da kake so. Sissa ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64, a tara a ba shi. Sarki ya ga kamar an raina arzikinsa. Sai da ma'aji suka zauna da alƙalami suka dawo suka ce, ranka ya daɗe, ko an kwashe rumbunan duniya ba za a biya ba. Labari ne, kada wani ya tambaye ni shekarar da aka yi. Amma lissafin da ke cikinsa gaskiya ne, kuma tun wajen shekara ta 1000 al-Biruni ya riga ya fitar da jimlar daidai, da alƙalumanta ashirin.

Abin da ya sa nake son ruwayar Ibn Khallikan shi ne bai ɓoye ba cewa shi ma da farko bai yarda ba, har sai da wani ma'aikacin lissafi a Iskandariyya ya zaunar da shi ya nuna masa. Dabarar mutumin nan ta 'yan kasuwa ce. Ya ce a gida na 16 ƙwaya 32,768 ce, mu ɗauke ta a matsayin mudu ɗaya, mu daina ƙirga ƙwaya mu koma ƙirga mudu. Da mudu ya yi yawa ya koma babban ma'auni. A gida na 40 ya ce wannan rumbu ɗaya ne. A gida na 50 rumbuna sun zama 1,024, ya ce wannan birni guda ne. A gida na 64 birane sun zama 16,384, kowanne maƙare da alkama. Ya ce wa alƙali, ai ka san duniya ba ta da birane masu wannan yawa.

Mu yi irin nasa da ma'aunin Dawanau. Mu ƙaddara kilo ɗaya na alkama yana da ƙwaya 25,000. Ya danganta da iri, amma bai yi nisa da haka ba. Da Sissa Bahaushe ne, a gurbin dararmu mai rami 30 ya roƙa, da ladansa ƙwaya 1,073,741,823 ne, kimanin tan 43, buhu 430. Wani attajirin Dawanau zai biya wannan kafin La'asar. Rabin allon shaɗaranji, gida 32, ya ba da ƙwaya 4,294,967,295, kimanin tan 172, tirela shida ke nan in kowace ta ɗauki tan 30. Har yanzu sarki yana murmushi. Amma allon duka ya kai tan biliyan 738. In aka loda a tirela aka raba wa mutanen duniya biliyan takwas, har da jaririn da aka haifa da asuba, kowa zai tashi da tirela uku. Alkamar da duniya ke nomawa a shekara tana wajen tan miliyan 800, saboda haka sai an yi noman fiye da shekara 900 ba a ci ko ƙwaya ba. Na ga Malam yana motsi, na san zakka yake lissafawa. Alkama a wurinmu noman rani ce, ɗaya bisa ashirin za a fitar, kuma zakkar kaɗai ta kai noman duniya na shekara 46. (Dariya.)

Me ya sa jimlar ta zama biyu mai hawa 64 a ɗebe ɗaya? Ku dubi farkon allon. 1 da 2 sun ba da 3, gida na gaba 4 ne. 1 da 2 da 4 sun ba da 7, gida na gaba 8 ne. A ƙara 8 a samu 15, gida na gaba 16. Kullum abin da aka tara yana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Da akwai gida na 65, da abin da ke cikinsa biyu mai hawa 64 ne. To jimlarmu ita ce wannan, ban da ɗaya. Kun ga mun san sunan mahaifinta.

Yanzu halayenta. Na farko, cika ce ko mara? Ko in ce da yaren masallaci, shafa'i ce ko wuturi? Ta ƙare da 5, mara ce, biyu ba ta raba ta. Tun da ta ƙare da 5, biyar tana raba ta. Ashirin da biyar fa? Sai lamba ta ƙare da 00, ko 25, ko 50, ko 75. Tamu ta ƙare da 15, saboda haka biyar sau ɗaya kawai ta shiga. Uku fa? Ku tara alƙaluman ashirin ɗin. Wa ya gama? Yauwa, 'yata, 87. Uku tana raba 87, tara ba ta raba ta, don haka uku ma tana ciki, sau ɗaya. Duk wannan daga wutsiyar da waya ta yar muka samo shi.

A nan sai in kawo kalmar da za mu yi ta amfani da ita. Akwai lambobin da ba abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, har abin da ya yi sama. A aji muna ce musu firam, Larabawa suna cewa adadi awwali. Ni tubali nake kiransu, domin kowace lamba da su aka gina ta, kuma hanya ɗaya ce tak ta gina ta. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, ko a Kano ko a Sin. Lambarmu ba tubali ba ce, gini ce, tun da mun riga mun ga 3 da 5 a jikinta. Tambaya ita ce sauran tubalan.

Mai ƙarfin hali zai ce a yi ta gwadawa: a raba da 7, da 11, da 13. In ba a yi sa'a ba, lamba mai wannan girma sai an gwada tubala sama da miliyan 203 kafin a tabbatar. Mu ba za mu yi haka ba, za mu bi ta nasaba. Akwai ƙa'idar da kuka koya a ƙaramar sakandare kuka manta: lamba sau kanta, a ɗebe ɗaya, daidai take da ta ƙasa da ita sau ta sama da ita. 10 sau 10 a ɗebe 1, 99 ke nan, wato 9 sau 11. 8 sau 8 a ɗebe 1, 63, wato 7 sau 9. To biyu mai hawa 64 ita ce 4,294,967,296 sau kanta. Saboda haka lambarmu ta tsage biyu kamar goro:

4,294,967,295 sau 4,294,967,297.

Ku ajiye ta dama, mu kama ta hagu. Ita ma irin uwarta ce, ta tsage zuwa 65,535 sau 65,537. Ita 65,535 ta tsage zuwa 255 sau 257. 255 ta zama 15 sau 17. 15 ta zama 3 sau 5. Cikin minti ɗaya, ba kwamfuta, mun samu 3, 5, 17, 257, 65,537, kuma dukkansu tubala ne. Saura ɓarin da muka ajiye, 4,294,967,297. A kansa zan daɗe, domin a nan wani babban malami ya yi tuntuɓe.

Ku dubi biyar ɗin nan da kyau. 3 ita ce 2 da 1. 5 ita ce 4 da 1. 17 ita ce 16 da 1. 257 ita ce 256 da 1. 65,537 ita ce 65,536 da 1. Wato biyu mai hawa 1, da 2, da 4, da 8, da 16, kowace an ƙara mata ɗaya. Pierre de Fermat, wani alƙali a birnin Tulus na Faransa wanda lissafi ya zame masa abin hira bayan aiki, ya lura da wannan jeri, har yau da sunansa ake kiransa. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk lambar da ta fito a jerin nan tubali ce. Ya gwada biyar, biyar sun ba shi gaskiya. Ta shida ita ce biyu mai hawa 32 da ɗaya, wato ɓarin goron da ke kan allonmu. Ya yi adalci ya ce bai samu cikakkiyar hujja ba, amma bai janye maganar ba, ya rasu a 1665.

Sai 1732, shekara 92 bayan wasiƙar, wani saurayi ɗan Suwizalan mai shekara 25, Leonhard Euler, yana aiki a birnin Santa Fitasbag na Rasha, ya nuna cewa 641 tana raba ta ba saura. Bari mu gwada a gabanku, kada ku ce na faɗa muku ne kawai. 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200. Sau 40 ya ba da 268,016,680. Sau 1 ita ce kanta. Ku tara. 4,294,967,297. Magana ta ƙare.

Ta yaya aka san a nemi 641 a cikin dubban lambobi? Euler ya nuna cewa duk tubalin da zai raba wannan lamba dole in an raba shi da 64 ya bar saura 1. Wannan ya kore kusan kowa daga layi, ya bar 193, da 257, da 449, da 577, sannan 641. Gwaji biyar. Abin da ke ba ni mamaki har kullum shi ne Fermat ya san irin wannan dabara, ya yi amfani da ita a kan wasu lambobin. Rabawa biyar ce ta shiga tsakaninsa da gaskiya.

Ga masu son ganin cikin injin, 641 tana da fuska biyu. Ita ce 5 sau 128 da 1, kuma ita ce 625 da 16. A lissafin saura, wato in ana duba abin da ya rage bayan an raba da 641, fuskar farko tana cewa 5 sau biyu mai hawa 7 daidai yake da ɗebe ɗaya. A ninka wannan da kansa sau huɗu, sai 625 sau biyu mai hawa 28 ya zama ɗaya. Fuska ta biyu tana cewa 625 daidai take da ɗebe 16, kuma 16 biyu ce mai hawa 4. A sa wannan a gurbin wancan, sai ga shi biyu mai hawa 32 da ɗaya ba ta barin saura. Wanda bai kama ba kada ya damu, ɗaliban aji uku za su maimaita masa a waje.

Kuma abin bai tsaya a ta shida ba. Ta bakwai, biyu mai hawa 64 da ɗaya, wadda ta fi lambarmu da biyu kacal, 274,177 tana raba ta. Daga 1732 zuwa yau, da duk kwamfutocin duniya, ba a ƙara samun tubali ko ɗaya a jerin Fermat ba bayan biyar ɗin farko. Duk wadda aka iya tantancewa gini ce. Shi ya sa in ɗalibi ya kawo mini misali uku ya ce Malam ai kullum haka take, nakan ce masa wanda ya fi ka ya kawo biyar.

Bari in ɗan ratse. A daidai lokacin da Euler ke wannan aiki, wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, yana ƙasashen Gabas yana rubuta littafi kan yadda ake tsara hatimi, murabba'in lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ba su san juna ba, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na faɗa ne don masu cewa wasa da lamba ba gadonmu ba ne.

To ga tubalan lambarmu cif: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537, da 6,700,417. Bakwai ne, kuma babu wanda ya maimaitu. Wannan kansa aji ne, ana ce wa irinta lamba marar murabba'i a ciki, domin 4 ba ta raba ta, 9 ba ta raba ta, 25 ba ta raba ta, babu wata lamba sau kanta da ke raba ta in ban da 1. Daga nan kuma za mu san lambobi nawa ne ke raba ta gaba ɗaya. Ku ɗauka uwargida tana da kayan miya bakwai, kowanne ko ta sa ko ta bari. Daddawa, a sa ko a bari, hanya biyu. Barkono, hanya biyu. Haka har bakwai, a jera biyu sau bakwai ana ninkawa, 128. Tukunyar da ba a sa komai ba ita ce 1, wadda aka zuba duka ita ce lambar kanta. Lamba mai alƙaluma ashirin, masu raba ta 128 ne kawai. Ku kwatanta da 83,160, 'yar ƙaramar lamba mai alƙaluma biyar, ita ma masu raba ta 128 ne. Girma daban, yawan dangi daban.

Akwai wani tsohon rabo da Girkawa suka yi, wanda Sabit ɗan Ƙurra, malamin Bagadaza da ya rasu a 901, ya fassara zuwa Larabci. A ɗauki masu raba lamba, ban da ita kanta, a tara. In jimlar ta yi daidai da ita, lambar kammalalliya ce, tammi. Misali 6: 1 da 2 da 3. Ko 28: 1, 2, 4, 7, 14. In jimlar ta wuce ta, za'ida ce, mai rara, kamar 12 da nata suka kai 16. In ba ta kai ba, naƙisa ce, mai giɓi. Wa zai yi mana hasashen tamu? Na ji wani ya ce mai rara, saboda girmanta. A'a. In aka tara 127 ɗin nan, kashi 70 cikin ɗari na lambar kawai suke kaiwa. Naƙisa ce. Babbar riga ce, aljihu ba nauyi. Dalili kuwa a fili yake: ƙananan tubala ne ke kawo rara, ita kuwa ba ta da 2, ba ta da 7, ba ta da 11 ko 13, kuma 3 da 5 ɗin ma sau ɗai-ɗai suka zo. Lambobin mara da wuya su yi rara, ta farko a cikinsu ita ce 945. Kammalalliya kuma wadda take mara, yau fiye da shekara dubu biyu ana nema, ba a samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Hali na gaba shi na fi so, domin da alƙaluma ukun ƙarshe ake gano shi. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Wasu ɗaya ya ishe su, kamar 25. Wasu biyu, kamar 13, wato 9 da 4. Wasu uku. Wasu kuwa masu taurin kai sai an ba su huɗun cif. Ku raba 615 da 8, saura 7. Shi kuwa murabba'i, kowanne ne, in an raba shi da 8 saurarsa 0 ce, ko 1, ko 4. Ku ɗauki uku daga cikin waɗannan ku haɗa yadda kuka ga dama, ba za ku samu 7 ba. Saboda haka lambarmu tana cikin masu taurin kai, kamar ƙannenta 7, da 15, da 31. Abin dariya, in ka ƙara mata ƙwaya ɗaya ta zama cikakken murabba'i, kuma tubalinta ya koma guda ɗaya, biyu, sau 64. Maƙwabta ne ƙofa da ƙofa, ba abin da ya haɗa halinsu.

Tubala biyar na Fermat suna da wani aiki da ba wanda ya zata. A ranar 30 ga Maris 1796, Carl Friedrich Gauss, yana saura wata ɗaya ya cika shekara 19, ya gano cewa da rula da kamfas kaɗai ana iya raba da'ira gida 17 daidai wa daida, abin da ya gagari masana tun zamanin Girkawa. Ƙa'idar da ta fito, wadda Pierre Wantzel ya ƙarasa hujjarta a 1837, ita ce: in adadin gidajen mara ne, rabon zai yiwu ne kawai in an gina adadin da tubalan Fermat, ba maimaici. Gida 3, ko 5, ko 15, ko 17 zai yiwu. Gida 7 ko 9 ba zai yiwu ba, komai ƙwarewar mai zane. Ɓarin goronmu na hagu, 4,294,967,295, shi ne adadin mara mafi girma da aka sani yana yiwuwa. Lambarmu duka kuwa ba ta yiwuwa, 641 ta ɓata mata takarda.

Wayar da ke hannunku ma da lambar nan take kwana. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kuma injinan yau gurbi 64 suke kamawa a lokaci ɗaya. In ka cika gurbin 64 duka da 1, abin da ka rubuta shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Ita ce iyakar mudun. Ka ƙara ɗaya, sai ya zube ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Allon Sissa ne dai aka mayar cikin waya. Ita kuma 65,537, yawancin makullan sirri na tsarin RSA da ke tsare shiga shafin banki da ita ake haɗa su. Lokaci ya ja, bari in tsaya a karɓi tambaya.

Tambaya: Malam, an ce lambobin da suke biyu mai hawa kaza a ɗebe ɗaya su ne manyan firam na duniya. Me ya sa wannan ba ta zama ba?

Madalla da wannan tambaya. Sunan danginsu lambobin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya fitar da jerinsu a 1644. Sharaɗin farko shi ne hawan kansa ya zama tubali. Ka dubi 111111, ɗaya shida a jere. Za ka iya yanka ta uku-uku, 111 sau 1001, ko biyu-biyu, 11 sau 10101. To a ƙirgar kwamfuta lambarmu ɗaya 64 ce a jere, tana yankuwa biyu-biyu, huɗu-huɗu, takwas-takwas. Ba ta da mafita. Amma ko hawan tubali ne, ba a gama ba. Hawa 61 ya ba da tubali. Hawa 67 kuwa, wanda Mersenne ya sa a jerinsa, bai ba da ba. A 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana lissafi a Niyok, ya lissafa biyu mai hawa 67 a ɗebe ɗaya a gefen allo, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da hannu, amsa ta zo ɗaya. Mafi girman tubali da aka gano a Oktoba 2024 ɗan gidan nan ne, biyu mai hawa 136,279,841 a ɗebe ɗaya, alƙalumansa 41,024,320. Tamu mai ashirin jaririya ce a wurinsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, in mutum ya ce zai ƙirga ta da baki fa?

Allah ya ba shi tsawon rai, ɗana. In yana faɗin lamba ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, zai yi shekara kusan biliyan 585. Masana sararin samaniya suna ƙiyasta shekarun duniyar taurari duka a biliyan 13.8, ka ga sai ya ninka wannan sau 42. Wannan lissafin shi ne na wasan nan na jera faifai a kan turaku uku da Édouard Lucas ya fitar a 1883: faifai 64 suna buƙatar motsi daidai adadin da ke kan allon nan, ba ragi.

Tambaya: Wane firam ne ya fi kusa da ita ta ƙasa?

Sai ka sauka taki 58. 18,446,744,073,709,551,557, wato biyu mai hawa 64 a ɗebe 59. Masu rubuta manhaja sun san ta sarai, domin ita ce tubali mafi girma da ke shiga gurbi 64. Duk lambobin da ke tsakaninsu gini ne. Ga aikin gida ga wanda ya ga dama: a cikin waɗannan da ke tsakani, a ware waɗanda 2, ko 3, ko 5 ke rabawa, a kawo mini adadin da ya rage ranar Litinin. Ba a buƙatar komai sai wutsiya da jimlar alƙaluma. Na ji an fara kiran Magariba. Shugaba, na dawo maka da makirufo. Wassalamu alaikum.